Baba Dainamo da Motar Mahaifina

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Dainamo a gadon asibiti, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina shagona ina yanka yadi babban ɗansa ya kira ni a waya. Bai tsaya dogon bayani ba, ya ce, "Baba ya cika." Na ajiye almakashi na nemi wuri na zauna. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Baba, ni ba marubuciya ba ce, tela ce. Ba kuma 'yar cikinka ba ce ni, 'yar amininka ce. Amma akwai abin da ka yi wa gidanmu wanda in ban faɗa ba babu mai faɗa, domin kai ba ka ba da labarin alherinka, shi kuwa mahaifina bakinsa ya yi nauyi.

Ga wanda bai san shi ba, Baba mai gyaran wutar mota ne. Rumfarsa ta kwano ce ta ƙarshe a layin makanikai, mai dogon benci da baƙin mai ya rina, da gwangwanayen madara cike da noti, da wayoyi launi-launi a rataye jikin ƙusa. Lokacin da motoci suka canza, aka daina yin su da dainamo, wato na'urar da ke cika batir a tsofaffin motoci in injin yana juyawa, sauran masu gyara suka riƙa jefar da nasu a bola. Shi sai ya riƙa tsincewa yana jerawa a ƙarƙashin teburinsa. Abokan sana'a suka laƙaba masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi har jikokinsa ba su san wani ba. Ba ƙin sabon abu yake yi ba, sababbin motocin ma yana gyarawa. Cewa kawai yake yi masu tsofaffin ba su ƙare ba, kuma su ma suna da inda za su je.

Amincinka da Abba, mahaifina, ya girme ni. Lokacin da kuka haɗu, Abba direban babbar mota ne. Wata damina batir ya mace masa a hanya, ga lodin tumatirin mutane a baya yana shan rana, sai ga ka a kan keke da guntun waya a aljihu. Daga nan labarin naku ya rabu biyu. Kai ka ce ka tarar da shi zaune a gindin taya yana share hawaye. Shi ya ce gumi ne, kuma saura kaɗan ya gano matsalar da kansa ka zo ka yi masa shisshigi. Kun tsufa kuna wannan gardama a tsakar gidanmu, kai kana ce masa Direba, shi yana ce maka Mai Waya, ba wanda ya sauka.

Da Abba ya bar doguwar hanya sai ya sayi wata ƙaramar mota koriya mai zagayayyun fitilu da kujerun fata, wadda tun a lokacin ma tsohuwa ce. A cikinta ya kai mu makaranta, a cikinta ya kai Innarmu asibiti ta haifi autanmu. Ban taɓa ganin an tura ta ba, domin wutarta tana hannunka.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Abba. Hannun dama da ƙafar dama suka daina amsawa, magana ta sarƙe. Mutumin da ba ya iya wuni a gida ya koma kwance, fuskarsa na kallon bango. Ma'aikaciyar asibiti ta koya mana motsa jikin da za a riƙa yi masa, ya ƙi. In Inna ta kama hannunsa sai ya fizge da mai lafiyar. Motar kuwa ta zauna a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida shekara da shekaru, tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Daga ƙarshe likita ya gaya mana gaskiya. Ya ce in bai motsa ba sauran jikin ma zai bi, kuma shi ba shi da maganin da zai sa mutum ya so tashi.

Yayana ne ya kawo shawarar a sayar da motar ga masu sayen ƙarafa. Ba da mugun nufi ba. Gani yake yi kallonta ta taga yana ƙara wa Abba ciwo. Ranar da masu sayen suka zo suna zagaya ta suna harbin taya da ƙafa, sai muka ji bugu daga ɗaki. Abba ne ya ja jiki zuwa taga yana dukanta da hannun hagu, har gilashin ya tsage. Tun da ya kwanta ba mu ga ya nemi wani abu da ƙarfi haka ba. Yaya ya sallami mutanen, ni kuwa na ɗauki mayafi na nufi rumfarka.

A lokacin idanunka sun riga sun tafi, haske da duhu kawai kake bambantawa. Ka bar wa ɗanka aikin, kana zuwa ne ka zauna a benci kana sauraren injuna. Na durƙusa na gaishe ka, na gaya maka abin da ya faru.  Sai ka kira ɗanka ka ce, "Injin da tayoyi naka ne. Wutar tawa ce."

Ya ce, "Baba, a bari in sa mata abin caji irin na zamani mana. Yini guda an gama."

Ka ce, "Zai yi aiki, ban musa ba. Amma Direba motarsa yake nema, ba wata ba." Sai ka juyo wajen da muryata take. "Ke kuma, Tela, ki shirya. Da hannunki za a yi."

Na ce, "Baba, ni ko bonet ban iya buɗewa ba."

Ka ce, "Shi ɗan nan nawa, motocin mutane na jiransa kullum. Ke ce a gidan. In ba na nan, wa zai duba ta? Hannun da ke zura zare a allura ba zai gagara riƙe waya ba."

Haka na rufe shago na koma almajirarka. Aka kwance dainamon aka kawo rumfa. Ka aza shi a cinya ka buɗe shi da lalube, ba ka nemi a miƙo maka komai sau biyu ba. Ka kai hanci ka shinshina wayoyin cikinsa ka ce ba su ƙone ba. Ka kama yatsana ka ɗora a kan wasu 'yan gawayi biyu da ake kira burushi, ka ce in ji yadda suka cinye, sannan ka sa ɗanka ya zaƙulo wasu daga cikin tsofaffin da ke ƙarƙashin tebur. Akwai zoben tagulla mai tsage-tsage da burushin ke gogawa a kai. Ka ba ni karyayyen bakin zarto ka ce in bi kowace tsaga in fitar da dattin, kana bin bayana da farce. Inda na tsallake sai ka tsaya ka yi gyaran murya, in koma.

Ranar da za a mayar da shi, Yaya ya riga mu, ya kawo sabon batir ya ɗaura. Ka sa aka riƙe hannunka zuwa bakin motar, ka shafa kawunan batirin, ka bi wayar da yatsa har inda aka ɗaure ta a jikin mota. Ka ce a juya shi, domin irin wannan motar kan da ke da alamar ƙari shi ke zuwa jikinta, saɓanin motocin yanzu. Yaya ya fara ba da haƙuri, ka katse shi. "Duk motar yau yadda ka ɗaura ake ɗaurawa. Wannan ce mai taurin kai, irin mai ita." Yaya ya yi dariya ya juya batirin.

Ɗanka ya kai hannu zai murza makulli, ka ce ya dakata. Nan ka yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ka ce ƙarfen cikin dainamo yana riƙe ɗan maganaɗisu, da shi yake fara samar da wuta. In ya daɗe a ajiye, ko aka buɗe shi, maganaɗisun yakan gushe ko ya juye. Dole a ɗan taɓa shi da wutar batir kafin a ta da injin, don wutarsa da ta batirin su fuskanci wuri guda. In ba a yi ba, ko dai ya ƙi caji, ko ya turo wuta a baibai ya ƙona baƙin akwatin da ke daidaita cajin. Ka ƙara da cewa ba kowane dainamo ake taɓawa a wuri ɗaya ba, cikin kawuna biyun da ake ɗaura waya a bayansa, wani a babban kai, wani a ƙarami, kuma mai gyara na ƙwarai sai ya tabbatar da irin wanda ke gabansa kafin ya kai waya.

Namu na ƙaramin kai ne. Ka sa na zare wayoyin da ke bayansa. Ka zaro guntun waya daga aljihu, ka sa na maƙala baki ɗaya a kan batirin da ba ya zuwa jikin mota, ɗaya bakin kuma yana hannuna. 

Na ce, "Baba, ba za ta ja ni ba?"

Ka ce, "Ba ta kai ba. Shafa za ki yi ki ɗauke. Ba ɗinki ba ne, kar ki tsaya a kai."

Na shafa wayar a ƙaramin kan dainamon, babu abin da ya faru. Ka ce tsatsa ce, in kankare wurin. Na kankare na sake shafawa, sai wani ɗan tartsatsi shuɗi ya fito da 'yar ƙara. Kafin in buɗe baki ka ce, "Na ji. Ƙara ɗaya." Na ƙara. Ka ce, "Ya isa. Mayar da wayoyinki."

Ɗanka ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Kaji suka watse. Jar fitilar da ke gaban sitiyari ta mutu da ya taka mai, allurar caji ta ɗaga. Ni da Yaya muka fara murna, kai kuwa ka tambaya ina allurar ta tsaya. Na ce ta kusa ƙurewa. Ka ce to aiki yanzu aka fara.

Sai da ka bari injin ya ɗumama sannan ka sa na buɗe baƙin akwatin. A ciki akwai wasu ƙananan sukurori masu matse sifirin, su ke faɗa wa dainamo iya wutar da zai bayar. Ɗanka ya riƙe agogon awo, ni ina riƙe da sukundireba, kai kana jingine da mota. Sai ka ce in sassauta kamar kaurin farce. In sassauta, in mayar da murfi, domin ka ce awon murfi a buɗe ƙarya ne, a taka mai, a karanta maka. Sai ka ce a sake. Muka yi ta yi har rana ta karkata, bayana ya ƙage. Na ce, "Baba, ai tana caji. A bar ta haka mana."

Ranar ce kaɗai ka taɓa yi mini faɗa. Ka ce, "In ya yi yawa batir ya tafasa, ruwansa ya ƙone. In ya yi kaɗan, ranar da ubanki ke buƙatarta ta ƙi tashi. Wanne kika zaɓar masa?" Na sake buɗe murfin. Sai ka sassauta murya, ka ba ni labarin batirin wani mai tasi da ka dafa da hannunka kana saurayi saboda gaggawa, ka ce warinsa har yanzu yana hancinka. Muka ci gaba. A ƙarshe ka kara kunne a jikin akwatin ka sa aka rage mai a hankali, kana jiran wani ɗan ƙas, alamar cewa ya raba dainamo da batir don kada wuta ta koma baya in injin ya lafa. Da ka ji, ka danna bel ɗin da ke juya dainamon da babban yatsa, ka ce, "Yanzu ta yi."

Muna nan Inna ta fito da sauri ta ce Abba yana ƙoƙarin saukowa daga gado. Ba mu gaya masa ranar da za a ta da motar ba, ƙararta ya ji. Yaya ya juya zai je ya ɗauko shi, ka kama rigarsa. Ka ce, "Kar ka ɗauke shi. Mota ba ta shiga ɗaki. In yana so, ya zo."

Baba, ranar na ji haushinka, na ga kamar rashin tausayi ne. Abba ya zauna a bakin gado yana huci, ya nuna Yaya, ya nuna ƙofa, babu wanda ya motsa. Daga ƙarshe ya koma ya kwanta ya juya mana baya. Washegari ka sa jikanka ya jawo ka, ka zauna a kujerar gaba, ka sa na ta da injin, ka danna hon. "Direba, fasinja na jira." Bai fito ba. Ka dawo jibi, ka dawo gata. Ka riƙa zama kana ba da labarin tumatir da ƙarfi yadda zai ji, kana ƙara gishiri, har ka ce ranar birgima ya yi a kan kwalta.

Wata la'asar muka ga labulen ɗakin ya motsa. Abba ne, sanda a hannun hagu, Inna na tallafe da shi ta dama. Tsakanin ƙofar da motar bai kai tsawon igiyar shanya ba, amma ya daɗe yana tahowa, yana jan ƙafa, gumi na zuba.  Kai kana jin takunsa, ka daina labari, ka miƙa hannu ka buɗe masa ƙofar direba daga ciki. Ya zauna, ya ɗora hannu a sitiyari, ya daɗe yana kallon allurar cajin. Sannan ya juyo ya dube ka, bakinsa ya yi ta kokawa, da ƙyar kalmar ta fito.

"Ma… kaho."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Alhamdu lillahi. Bakin da ya fara da zagi ya kama hanya." Inna ta juya ta rufe fuska da mayafi.

Ba zan ce Abba ya warke ba. Bai ƙara tuƙi ba, hannun dama bai dawo ba. Amma daga ranar ya yarda a motsa masa jiki, ya fara fita ƙofar gida, kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na koyi tuƙi. Duk mako nakan kai shi rumfa in ajiye shi kusa da kai a benci, in tafi shago, in dawo in tarar kuna gardama, kai da baki, shi rabi da baki rabi da sanda.

Ba mu kaɗai ka yi wa ba. Ranar jana'izarka na ga maza masu furfura, kowanne da rumfarsa a yanzu, suna cewa a hannunka suka koya. Wata tsohuwa mai injin niƙa ta ce duk sanda injinta ya tsaya kai take aika wa, kuma ba ka taɓa cewa ba aikinka ba ne. Ba a taɓa jin ka kushe aikin wani mai gyara a gaban mai mota ba, in ka ga kuskure sai ka gyara, ka je ka same shi ku biyu. Kana da naka halin, ba zan ɓoye ba. Kana da kafiya, ba ka son a taimake ka, kuma ciwon da ya tafi da kai ka daɗe kana ɓoye shi har sai da ya kayar da kai.

Da labarin ya zo, Inna da Yaya suka ce a ɓoye wa Abba tukuna, kada jininsa ya hau. Na kasa. Na shiga na zauna a gabansa na ce, "Abba, Allah Ya yi wa Baba rasuwa." Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, leɓunansa na motsi. Bai yi kuka ba. Da ya ɗago sai ya nuna babbar rigarsa da ke rataye.

Muka kai shi gidanka. A bakin ƙofa Yaya ya miƙa masa hannu, ya ture. Mutane suka buɗa masa hanya, ya taka shi kaɗai har tabarmar da 'ya'yanka ke zaune. Ni ina cikin gida wajen mata, Yaya ne ya gaya mini sauran. Ya ce Abba ya zauna kusa da babban ɗanka, ya kama hannunsa da na hagu ya riƙe. Ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar, kowa yana jira. Sannan ya ce, "Ni ne ubanku yanzu. Kome ya dame ku, ku zo." Tun da ya kwanta ciwo, ba mu ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya mayar maka da ganinka a gidan da ba a ciwo. Allah Ya sa wahalar da ka ɗauke wa mutane ta zame maka sauƙi ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, matarka, da 'ya'yanka da jikokinka, da almajiranka, da dukan mutanen layin makanikai. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya haɗa kansu a bayanka. Allah Ya ba mahaifina juriya, Ya ba shi ikon cika alkawarin da ya ɗauka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.